Aikin sa-kai a tsaunin Mambila lokacin dogon hutu: yadda ɗan Garwa zai shirya

Da an gama jarrabawa a watan Yuni, ɗalibai da yawa a Garwa da Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, sukan fara neman inda za su ba da gudummawa kafin a koma aji a farkon Satumba. Ga mai son ya tsallaka iyaka ba tare da kuɗin jirgi ba, tsaunin Mambila da ke ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba ta Najeriya wuri ne da ya cancanci a duba. Ƙasar waje ce, amma ba baƙuwa ba. Yankin yana cikin Kamaru ta Jamus a da, ya koma hannun Ingila bayan yaƙin duniya na farko, sannan ƙuri'ar raba-gardama ta Fabrairun 1961 ta haɗa shi da Najeriya. Fulatanci ne harshen kasuwa a garuruwan tsaunin kamar Gembu da Nguroje, Hausa kuma tana kai mutum ko'ina a tasha da masallaci. Wanda ya tashi a Garwa ya riga ya riƙe harsuna biyun nan, abin da baƙo daga nesa zai yi shekara bai samu ba.

Sai dai abu ɗaya ne yake rusa shirin yawancin masu niyya: dogon hutunmu tsakiyar daminarsu ne. Ruwa yana farawa a can tun wajen Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, kuma abin da ke sauka a shekara ya kai milimita 1,800, alhali Garwa tana samun kimanin 1,000, Marwa ma ba ta kai haka ba. Tsaunin a matsakaici yana sama da mita 1,500 daga teku, Garwa kuwa ba ta wuce 250 ba. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, ga hadari da hazo da ke rufe rana. Don haka da wuya rana ta wuce digiri 25, dare kuma sai da bargo. Aikin da za ka zaɓa, hanyar da za ka bi, kayan da za ka ɗauka, ranar da za ka juyo, duk ruwan sama ne zai yanke su. Daga nan ake fara lissafi.

Ɗauki koyarwa, wadda ita ce ta fi jan ɗalibai. Makarantun Najeriya ba sa tafiya hutu tare da namu. Zango na uku yakan ƙare a ƙarshen Yuli, makonninsa na ƙarshe kuma na jarrabawa ne, sai a koma a Satumba. Wanda ya iso ranar 1 ga Agusta zai tarar da azuzuwa a kulle, yara suna gona. Mafita biyu ce. Ko dai ka iso a ƙarshen Yuni ka taya malamai bitar darussa na makonni uku ko huɗu, ko kuma a shirya darasin hutu tun kafin a sallami yara, shugaban makaranta ya sanar da iyaye da bakinsa. Darasin hutun da aka sanar bayan an watse, yaran cikin gari kaɗai yake samu. A sa shi da hantsi, daga ƙarfe 9 zuwa 12, domin ruwan yakan fi sauka da yamma, kuma yaron da zai taka kilomita uku cikin laka yana bukatar ya isa gida kafin rafi ya cika.

Me za ka koyar? Faransanci, ba tare da jinkiri ba. Yana cikin darussan ƙaramar sakandare a Najeriya, malamansa kuma ƙalilan ne a karkara. Lissafi da kimiyya ma ana so, amma da Turancin Ingilishi ake koyar da su, kuma wanda ya yi karatunsa da Faransanci zai yi tuntuɓe a kan sunayen abubuwa. Har rubutun lamba ya bambanta: inda muke sa waƙafi a 2,5 su ɗigo suke sawa. Ka nemi littafin ajin tun da wuri ka zauna da shi.

Aikin da ya fi dacewa da damina shi ne dashen itatuwa. Tsaunin yawancinsa ciyawa ne da gonakin itacen turare, wanda a can ake kira zaiti, sai ragowar kurmi a kwaruruka. Mafi shahara shi ne Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, inda Nigerian Montane Forest Project take da tashar bincike da wurin renon itatuwan gida. Wuri irin wannan ana rubuta masa ne watanni kafin tafiya, ba a faɗo masa kawai. Idan kuma da wata makaranta ko ƙungiyar ƙauye za ka yi dashen, rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 30 ya wadatar ga ƙaramin tsiro. A yage ledar a cire ta gaba ɗaya, a mayar da ƙasar sama a ƙasan ramin, a danne da ƙafa don kada ruwa ya kwanta a gindin. Wannan duka mai sauƙi ne. Abin da ke kashe dashe yana zuwa bayan ka tafi: shanu, da wutar da ake sa wa ciyawa da rani. Itace 200 da aka kewaye da waya, aka share masa hanyar tare wuta, aka kuma san wanda zai duba shi a watan Janairu, ya fi 2,000 da aka watsa a fili don hoto. Kuɗin waya da turaku su shiga kasafi tun farko.

Ga ɗaliban kiwon lafiya magana ɗaya ce. Ba ka da lasisin aiki a Najeriya, don haka ba allura, ba rubuta magani, ko da an roƙe ka. Auna nauyin yara, cike rajista da wayar da kai ƙarƙashin ma'aikacin asibitin aiki ne na gaske, kuma ana bukatarsa.

Duk wannan ya rataya ne a kan mai masauki. Tun watan Maris ya kamata a same shi: shugaban makaranta, jami'in asibiti, ko shugaban ƙungiyar da ke da ofishi da mutane a wurin. Kada ka tsaya a saƙon WhatsApp, ka kira ka ji murya, ka kuma nemi wani na biyu da ya san shi, ko ɗan kasuwar da ke zirga-zirga ta Banyo, garin Kamaru da ke kusa da tsaunin. Tambaye shi aikin da za ka yi ranar Litinin ta farko, a ɗakin wa za ka kwana, wa zai dafa abinci kuma wa zai biya, asibiti mafi kusa tafiyar minti nawa ne a babur idan an yi ruwa. Wanda ya amsa da "kai dai ka zo, Allah zai rufa asiri" mutumin kirki ne, amma bai shirya ba. Mace kuma a tabbatar gidan iyali za ta sauka, iyayenta su yi magana da uwargidan kai tsaye. Daga ƙarshe ya rubuto takardar gayyata da Ingilishi, mai hatimi, ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da ranakun zuwa da komawa, da bayanin cewa ba albashi. Duk wanda ya nemi ka tura "kuɗin rajista" kafin ya nuna maka aikin, ka rabu da shi.

Kamaru ba ta cikin ECOWAS, amma akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu da ta ba ɗan Kamaru damar ziyarar kwana 90 ba biza. Ka tafi da fasfo, wanda kuɗinsa sefa 110,000 ne tun 2021, ka kuma tabbatar an buga maka hatimin fita da na shiga. Mutanen iyaka suna wucewa ba takarda kullum, sai ɗalibi ya ɗauka shi ma haka ne, har ya isa shingen jami'an shige da fice a cikin Taraba a tambaye shi ta ina ya shigo. Katin rigakafin zazzaɓin shawara wajibi ne. Allurar tana fara aiki a takarda bayan kwana 10, don haka ba a yin ta ana gobe tafiya. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, a sa a leda.

Hanya biyu ce. A taswira ta Banyo ta fi kusa, Ngaundere zuwa Tibati zuwa Banyo, sannan babur ya tsallaka da kai. Da rani haka ne. Da damina jar lakar nan tana santsi kamar sabulu, kuma rafi ɗaya da ya cika zai iya zaunar da kai kwana biyu. Ga ɗan Garwa ko Marwa, gara a shiga ta Yola, daga nan Jalingo, a kwana. Washegari a ɗauki motar farko ta Gembu, ta Bali da Serti, zuwa Mayo Selbe inda hawan yake farawa, sai Maisamari da Nguroje. Wuni guda ne cur. Dalilin sammakon shi ne a gama hawan mai lanƙwasa kafin hazon yamma ya rufe shi. Kada a yi tafiyar dare ko kaɗan. Hanyar da ta bi ta yankin Arewa maso Yamma na Kamaru kuwa a bar ta, saboda rikicin da ake yi a can tun 2017. Kwana biyu kafin tashi ka sake tambayar mai masauki da direbobin tasha halin hanya da gadoji, domin labarin makon jiya ya tsufa.

Kuɗi a canza su a Garwa ko Yola, a ƙirga a gaban ɗan canji. Takardar naira mafi girma 1,000 ce, don haka kuɗin wata biyu dami ne, a raba shi gida uku a wurare daban. Kada ka dogara da Orange Money ko MoMo na Kamaru, masu POS na can da asusun Najeriya suke aiki, su ma sai da sabis. Ka ware kuɗin motar komawa da na kwana uku a ajiye, ba a taɓa su. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, cajarmu mai ƙafa biyu zagayayyu tana bukatar adafta. Ƙaramin faifan sola ba ya cika alkawari ƙarƙashin hadari, batirin ajiya mai 20,000 mAh ya fi amfani, zai cika waya kamar sau huɗu. A ƙauyuka da dama sabis a kan wani tudu ɗaya yake, sai ka sanar da gida ranakun da za ka riƙa kira don kada shiru ya tayar musu da hankali.

Kaya: takalmin roba mai tsawo, rigar ruwa ta kirki, rigar sanyi biyu, hular sanyi, bargo, safa ƙafa shida. Wanki yakan kwana uku a igiya bai bushe ba, wandon jins ya fi kowa taurin kai, don haka yadi mara nauyi ya fi. Tufafin da aka ninke da danshi suna yin fumfuna cikin mako. Kada a yi yawo ba takalmi a ɗaki mai turɓaya, saboda jiga, ƙwaron da ke shiga cikin fatar ƙafa. Kuma duk tsananin sanyi, ba a kwana da gawayi a ɗaki rufe, hayaƙinsa mara wari yana kashe mutum cikin barci.

Sanyi ba ya hana zazzaɓin cizon sauro, balle ka ratso Bali da Serti. Gidan sauro mai magani, abin gwajin jini na gaggawa guda uku, da kwalin artemether-lumefantrine cikakke, sha shida cikin kwana uku, bayan gwaji ya nuna. Ruwan rafi da damina yana kwaso kashin shanu daga tudu komai haskensa. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 a jarka mai lita 20 a jira minti 30. Idan ya yi gurɓi a tace da ƙyalle tukuna. In gudawa ta kama kuma babu ORS, garin gishiri da sukari na asibiti, lita ɗaya na tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri.

Da isarka, mai masauki ya kai ka gaisuwa wurin jauro ko mai unguwa kafin ka taɓa kowane aiki, a kuma sanar da 'yan sanda zamanka. Maganar fili a Mambila tana da zafi. An yi mummunan rikici tsakanin manoma da makiyaya a 2017, kuma mutane ba su manta ba. Mai jin Fulatanci da Hausa za a yi saurin sa shi a wani ɓangare, don haka ka gaida kowa, ka ci abincin kowa, ka kame bakinka a hirar gona da burtali. Dasa itace ma a idon mutane alamar mallaka ce, kada ka haƙa rami ko ɗaya sai masu filin da masu kiwo a gefensa sun amince a gaban shugabanni.

Da yawa suna ɗokin hawa Chappal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mita 2,419. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, sai da izinin ofishinsu na Serti da rakiyar ma'aikata, kuma tafiyar rani ce. A bar shi sai Disamba. Agusta da Satumba ruwa ya fi ƙarfi, don haka ka sa ranar saukowa aƙalla mako guda kafin a buɗe makaranta, kwana ukun ƙarshe kuma na miƙa aiki ne: rajistar yara, inda aka tsaya a littafi, adadin itatuwa da sunan mai kula da su, a rubuce, a hannun mai masauki.