Na Je Na Ga Kakannin Kwamfutar Ofis

Makon jiya na dawo daga Kalifoniya, kuma duk wanda ya zo yi mini sannu da zuwa sai ya sha labarin gidan tarihin kwamfuta na Mountain View. Daga San Francisco na hau jirgin ƙasa na Caltrain. Wani ɗan'uwa Bazindire da ke tuƙin tasi a can ya tarbe ni a tasha, ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba. Allah Ya saka masa, domin shayin da na saya a hanya ma da na juya kuɗinsa zuwa naira sai da gabana ya faɗi.

Gyaran kwamfuta ne sana'ata, saboda haka ɓangaren ƙananan injinan ofis na nufa. Osborne 1 ce ta fara tsayar da ni. Ta fito a 1981, nauyinta wajen kilo 11, idan an rufe ta sai ka ce keken ɗinki, amma allonta inci 5 ne kacal. Ƙwaƙwalwarta Z80 ce mai gudun megahaz 4, ma'ajiyar aikinta kilobait 64, ga ramukan faifai biyu a gaba. Dala 1,795 ake sayar da ita a lokacin, haɗe da WordStar ta rubutu da SuperCalc ta lissafi, manhajojin da kuɗinsu kaɗai ya kusa kamo na injin. Wannan ciniki ne na gaskiya. Ita kuwa IBM PC ta watan Agustan shekarar, mai Intel 8088 da gudun megahaz 4.77, mafi arharta dala 1,565 ce da kilobait 16, babu allo babu ramin faifai. A ganina suna kawai aka biya.

Wani dattijo ɗan sa-kai ya ga na daɗe a gaban Apple II, ya matso ba gajiya ba ƙyashi yana ba ni labarin VisiCalc, manhajar lissafi ta 1979 da ke aiki a kan injin. Ka canza lamba ɗaya, duk lissafin shafin ya gyara kansa, kuma saboda wannan kaɗai 'yan kasuwa suka riƙa sayen injin. Nan take na tuna iyayen gidanmu na Kantin Kwari da ke raba dare suna bin littafin bashi da biro, alhali wayar da ke aljihunsu ta ninka Osborne sau dubbai. Abin ya tsaya mini a rai, na ƙudura zan fara koya wa yaran shaguna wannan lissafin.

Washegari na leƙa jami'ar Stanford, gadar Golden Gate kuwa hazo ya hana ni ganinta sosai. Daga nan sai filin jirgi.