Asabar, filtar iska da tambayar Kawu

Hazon hunturu ya sauko har Agege, mota ta kwana ta tashi fari fat kamar an barbaɗa mata gari. Kwanakin nan nauyi take yi min, in na taka totur a hawan gadar Pen Cinema sai ta yi ta gurnani ba ta ja. Shi ya sa jiya na biya ta Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, na sayo filtar iska, wadda ke tace ƙura kafin iska ta shiga inji, na ce yau da hannuna zan sa.

Aiki ne mai daɗi, ko sifana ba ya so. Ka ɗaga bonet, ga baƙin akwatin roba nan kusa da batir, da ƙaton tiyo da ya tashi daga jikinsa ya nufi inji. Ƙugiyoyin ƙarfe biyu ne suka riƙe murfin, da yatsa ake ɓalle su. Auta na tsaye kan bulo yana leƙe, sai murna yake an ce ya riƙe tsumma.

Da na zaro tsohuwar, Kawu ya rage muryar rediyonsa daga kan benci.

"Miƙo min nan in gani, ɗana."

Ya ɗaga ta saitin rana, ya kanne ido ɗaya. Ko ɗigon haske bai ratsa ba. Tsakanin ninkin takardar duk baƙar ƙura ta daskare, ga busasshen ganye, har da fiffiken ƙwaro. Robar gefen ta tsage a kusurwa ɗaya.

Na ce, "Kawu, ko in kai wa mai faci ya hure ta, in ajiye saboda wata rana?"

Ya girgiza kai. Ya ce iskar mai faci ƙarfi gare ta, tana huda takardar inda ido ba ya gani, daga nan ƙura ta samu hanya, ta bi ta kan na'urar da ke auna iska, ta shiga cikin inji ta yi ta cin ringi da fistin a hankali. Ya sa na goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan danshi, yana ta jaddada kada komai ya faɗa bakin tiyon. Da na kwantar da sabuwar, sai da ya taso ya bi gefenta da yatsa ya tabbata robar ta zauna daram, sannan ya bari na rufe.

Yana komawa benci ya ce, "Yaushe rabonta da sabis?"

"Watan jiya ne, Kawu."

"Da kuɗin filta a lissafin?"

Na yi shiru, don akwai shi. Da bakinsa makaniken ya lissafa min: baƙin mai, filtar mai, filtar iska.

"Wannan ba ƙurar wata guda ba ce," in ji Kawu. "Ko bayan tirela kake kwana a Apapa."

Tun daga nan jikina ya yi sanyi. Galibi ana canza filtar iska ne bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000, a wuri mai ƙura a riƙa dubawa kafin nan. Tsakanina da Ikeja ne kullum, ina ni ina wannan tafiya a wata ɗaya? Kuɗin bai dame ni kamar mutumin ba. Sahu ɗaya muke sallar Juma'a. Na je sunan 'yarsa. Mutanen da na tura garejinsa da bakina suna da yawa, har da Yaya, ina ce musu ku je, ɗan gida ne. Ina ta nema masa uzuri: wataƙila yaran gareji ya ba wa, suka ɓoye sabuwar suka mayar da tsohuwa. Yana iya yiwuwa. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Kawu ya ce kada in kira shi a waya, kada kuma in yi maganar gaban yaransa. In ja shi gefe, in nuna masa, in bar shi ya yi bayani.

Bayan la'asar na zaga da ita har Abule Egba. Ta saki jiki, tana amsa totur. Uwargida ta yi tuwon shinkafa da miyar taushe, kaɗan na iya ci. Ba wuta tun azahar.

Tsohuwar filtar na sa ta a leda, tana cikin but. Litinin in Allah ya kai mu zan biya garejin kafin in wuce aiki.