Takardar gayyatar da na ƙi karantawa

Ƙannena da kuka fara kai yara makaranta, bari in faɗa muku abin da sakacina ya jawo. Lokacin da ɗiyata ta fari take ajin share fage, tana da shekara 4, sau uku ana saka takardar taron iyaye da malamai a jakarta, sau ukun ban je ba. A ganina yarinyar da waƙa da zane kawai take yi, me za a zauna a tattauna a kanta? Na ma ɗauka maganar kuɗi ce, ni kuwa na riga na biya.

A gida mai taurin kai muke ce mata. Sai a kira ta sau biyu ba ta waiwayo ba, ta manne wa talabijin, in ta yi magana kalmomin ba sa fita sosai. Faɗan da na yi mata ba ya ƙirguwa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ashe malamarta ta daɗe da lura, har ta rubuta a ƙasan takardun nan cewa tana son ganinmu. Da na je taro na huɗu, shi ma sai da uwarta ta matsa, malama ta ce: "Baban yarinya, in tana kallon bakina, duk abin da na ce sai ta yi. In na juya ga allo, kamar ba da ita nake ba. Ku kai ta a duba kunnenta." Buɗar bakina sai na ce ai 'yata ƙalau take. Malama ba ta yi musu da ni ba, ta dai sake roƙona.

Likita ya ce ruwa ne mai kauri ya taru a bayan dodon kunnenta, abin da ke yawan samun ƙananan yara bayan mura. Sau da yawa ba ya ciwo, shi ya sa yaro ba ya kuka, ji ne kawai ke raguwa. Yakan washe da kansa cikin kamar wata 3, amma nata ya wuce haka nesa ba kusa ba, a daidai shekarun da yaro ke gina harshensa.

Kai ɗanka kaɗai kake gani, malama kuwa kullum tana ganinsa cikin sa'o'insa, don haka ita ke fara gane inda ya bambanta. Ku je taron, ko da minti goma za ku samu. Kada ku tsaya a "yana ƙoƙari?", domin za a ce muku yana ƙoƙari. Ku tambayi da wa yake wasa, ko yana amsawa in an kira shi, me ke sa shi kuka. Ku ma ku faɗa mata abin da ya canza a gida, ko an yi masa ƙani, ko ba ya samun barci. In ta kawo wani gyara, ku bari ta kai aya kafin ku ce komai, kuma ku tabbata yaron ba ya kusa yana sauraro.