Inda na kai a gyaran rubutun da firinta ke fitarwa dishi-dishi

Assalamu alaikum ƴan uwa masu koyon buga takardu da haɗa ƙananan littattafai a gida. Aikin da ke hannuna har yanzu shi ne ɗan littafin koyon karatun Hausa da nake shirya wa yaran unguwarmu a nan Yamai, kuma abin da ya tsayar da shi a ƴan makonnin nan shi ne rubutun da firintata mai fesa tawada take fitarwa dishi-dishi. A manyan haruffa matsalar ba ta fito fili sosai ba, amma a ƙanana lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ takan cushe, har yaron da ya fara haɗa baƙi ba zai iya raba su da k da d da b ba. Littafin da aka yi don koyar da waɗannan haruffa kuwa ba shi da amfani idan su ne ba su fito ba.

Shawarar da kowa yake fara bayarwa ita ce a sa na'urar ta wanke kanta, wato ɓangaren da ke ɗauke da ƙananan ramukan da tawada ke fitowa ta cikinsu. Ni ina ganin bai kamata a fara da wannan ba, domin dishi-dishi iri-iri ne, kuma kowane iri da tushensa. Abin da ya fi taimaka mini shi ne ɗaukar hoton shafin da waya a cikin hasken rana, sannan in ƙara girman hoton har harafi guda ya cika fuskar wayar. Da na yi haka sai na ga abu biyu daban a wuri guda: sandar harafin l da ta b kowace tana da wata siririyar inuwa a gefen dama, kamar an buga ta sau biyu, sannan gefunan haruffan sun yi gashi-gashi saboda tawada ta nashe cikin takarda. Ban ga fararen layuka suna ratsa rubutun ba, kuma shafin gwajin ramukan tawada ya fito cikakke, babu inda layi ya yanke. Wannan ya nuna mini cewa ramukan ba su toshe ba, don haka wankin ba zai gyara komai ba, sai dai ya sha tawada ya kuma cika soson da ke tsotse ragowarta a ƙasan na'urar.

Inuwar nan ita ta fi ɗaukar mini lokaci, kuma sai da na fahimci yadda na'urar take aiki kafin na gane ta. Kan da ke ɗauke da ramukan yana kai da komowa ne a kan takarda yana fesa ƙananan ɗigo. A na'urorin Canon da HP zafi ne yake tayar da kumfar da ke turo ɗigon, a na Epson kuma wani ɗan abu ne da ke lanƙwashewa idan lantarki ya shige shi. Don a yi sauri, kan yakan fesa a tafiya ya kuma fesa a dawowa, saboda haka dole ɗigon tafiya da na dawowa su sauka a wuri ɗaya daidai. Idan suka saɓa ko da kaurin gashi ne, layin da ke tsaye sai ya zama biyu. Akwai gwaji mai sauƙi da zan so kowa ya sani: a shiga saitin bugu a kwamfuta a kashe bugun sauri, wato a sa kan ya riƙa fesawa ta ɓangare guda kawai. Idan rubutun ya fito tsaf, to an san matsalar ta daidaiton kai ce. Nawa ya fito tsaf, sai dai shafin ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya gama.

Daga nan na buga shafin daidaita kai, wanda yake fitowa da jerin akwatuna masu lamba, a zaɓi wanda layukansa suka fi miƙewa a shigar da lambarsa. Ina ba da shawara a yi zaɓin da rana kuma a kan takarda mai kyau, domin a hasken fitila akwatuna biyu ko uku sukan yi kama da juna. Rubutun ya gyaru a hagun shafi da tsakiyarsa, amma inuwar ta ƙi barin gefen dama. Na kai shafin wurin wani dattijo mai gyaran na'urori a kusa da Babbar Kasuwa, ya duba shi ya ce, "Ƙanena, lalacewar da ta tsaya a gefe guda ba daga saiti take ba. Ka leƙa bayan kan, za ka ga wata doguwar leda mai haske, ita ce ta yi datti." Na ce, "Baba, ita kuma mene ne aikinta?" Ya bayyana mini cewa a jikinta akwai siraran layuka da ido bai cika gani ba, su ne na'urar take ƙirgawa don ta san inda kan ya kai, idan datti ya rufe wasu sai lissafin ya kuskure.

Haka kuwa na tarar. A ƙarshen ledar na dama akwai jar ƙurar hunturun bara da ta manne a kan wani ɗan maiƙo. Na kashe na'urar, na zare wayarta daga bango, na ɗan jiƙa ƙyalle mai laushi wanda ba ya zubar da zare da ruwa mai tsabta, na shafa a hankali ina tallafe da ledar da ɗaya hannun, domin ƴar ƙugiya ce kawai take riƙe da ita kuma idan ta zame mayar da ita aiki ne. Ƙyallen ya fito da ja da baƙi. Bayan ta bushe na sake daidaita kan, inuwar kuma ta ɓace daga shafin gaba ɗaya.

Nashewar tawada kuma daga takarda da saiti take. Ƙunshin takardun A4 da nake amfani da shi ya kwashe damina a buɗe, ya sha danshi, ga shi dama mara nauyi ne. Da na buɗe sabon ƙunshi mai giram 80, gashi-gashin ya ragu nan take, a kan mai giram 90 kuma ya ƙara raguwa. Ya kamata kuma a tabbatar saitin yana kan takarda ta yau da kullum, saboda idan aka zaɓi takardar hoto na'urar takan zuba tawada fiye da abin da takarda za ta iya ɗauka, wasu na'urorin ma sukan haɗa baƙi daga launuka maimakon su ɗebo baƙar tawadar rubutu. Tawada iri biyu ce, akwai ta rini wadda take shiga cikin zaren takarda, akwai mai ƙwayoyin launi wadda take zama a sama, kuma ta biyun ce ta fi fitar da harafi da kaifi. Wanda zai sayi tawadar ƙari ya tambayi irin da na'urarsa take sha, kada ya gauraya su.

Abu guda da gyaran na'ura ba ya magancewa shi ne rubutun da ya zo a matsayin hoto ta WhatsApp, wanda aka matse har ya rasa kaifinsa. A nemi a turo shi a matsayin PDF, ko a sake rubuta shi a kwamfuta.

Yanzu da hunturu yake ƙaratowa, hankalina ya koma kan toshewa. Littafin da ya zo da na'urata ya ce ta yi aiki tsakanin digiri 10 da 35, da danshin iska kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari, alhali a Yamai zafin Afrilu yana wuce digiri 40, iskar rani kuma takan bushe ƙasa da wancan ma'auni. Saboda haka na mayar da bugu zuwa safiya, ina rufe na'urar da zane, ina buga ɗan shafi mai launuka duka kowane mako, kuma ina kashe ta da maɓallinta don kan ya koma mazauninsa ya rufu. Idan wuta ta ɗauke ana cikin bugu, da zarar ta dawo a kunna na'urar ta mayar da kan wurinsa.

A halin da ake ciki, rubutu mai girman 12 yana fita da kowace lanƙwasa a sarari, mai girman 9 kuma har yanzu yana ɗan cushewa a takardar giram 80, don haka na ɗaga bayanan ƙasan shafi zuwa 10. Abin da ke gabana shi ne bugu gaba da baya, inda baƙin shafi guda yake leƙowa ta ɗaya fuskar. Zan gwada rage yawan tawada a saiti kafin in sayi takarda mai kauri, kuma ina roƙon duk wanda ya riga ni yin wannan gwaji ya faɗa mini nauyin takardar da ya yi masa daidai.