Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Abin da Ake Koyarwa a Sashen Saikoloji, da Hutun da Na Yi a Ƙofar Sauri

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a inda Baba ya amince, bayan Kawu ya sha kai gwauro ya kai mari, aka bar ni na tafi Jos karatun saikoloji, ilimin halayyar ɗan Adam. Yau zan shiga cikin karatun kansa, domin har gobe ana tambayata wai me ake koya mana shekara huɗu cur.

Mutanen gidanmu sun kasu biyu a kan lamarin. Ƙannena sun ɗauka zan dawo ina kallon fuskar mutum ina faɗin abin da ke ransa. Su Gwaggo kuwa sun yanke cewa likitar mahaukata zan zama, har ana yi mini addu'ar Allah ya tsare. Da za su ga jadawalin aji ɗaya da sun yi mamaki. Turanci ne, da tarihin al'ummomin Najeriya, da ɗan ilimin halittu, da ilimin zamantakewa, sai kwas guda na gabatar da fannin. Sannan ga ƙididdiga. Yawancinmu gudun lissafi ne ya kai mu ajin adabi tun a sakandare, sai ga shi ya riga mu isa jami'a yana jiran mu.

Malamin da ya ɗauke mu wannan kwas dattijo ne marar hayaniya. Shi ya nuna mana cewa fannin bai tsaya da ƙafarsa ba sai da ya fara awo. Kafin nan zancen ruhi da hankali aikin masu falsafa ne da malaman addini. A 1879 wani Bajamushe, Wilhelm Wundt, ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig, inda ake auna abubuwa irin su tsawon lokacin da mutum ke ɗauka tsakanin jin ƙara da danna maɓalli. Daga wannan shekarar ake lissafin haihuwar fannin. A Najeriya kuwa sai 1964 aka buɗe sashe na farko, a Jami'ar Nsukka. Dattijon nan yana da tambaya ɗaya da ba ya gajiya da ita. Duk wadda ta ɗaga hannu ta ce mata sun fi maza tausayi, ko 'yan fari sun fi haƙuri, sai ya cire tabarau ya ce, "Ta ina kika sani? Mutum nawa kika gwada, kuma da wa kika kwatanta su?" A lokacin haushinsa muke ji. Yanzu idan aka ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi amfanata a digirin nan, wannan tambayar zan ɗauka.

A aji biyu ne aka fara buɗe mana rassan fannin ɗaya bayan ɗaya. Akwai reshen da ke duba ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yadda saƙo ke tafiya daga wannan ƙwayar jijiya zuwa waccan. A nan muka ji labarin Phineas Gage, ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a Amurka, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta huda kumatunsa ta fita ta saman kansa. Bai mutu ba, yana magana yana tafiya, amma waɗanda suka san shi sun ce halinsa ya sauya. Wata ƙawata 'yar Funtuwa ta kwana tana jinjina wannan, wai ashe hali ma yana da mazauni a cikin kai. Akwai reshen koyo, inda karnukan Pavlov na Rasha ke zubar da miyau tun kafin a kawo abinci, da zarar sun ga alamar da suka saba gani tare da shi. Akwai na ma'aikata da masana'antu, mai duba yadda ake ɗaukar ma'aikaci da abin da ke sa ya yi ƙwazo ko ya yi sanyi. Wannan na ci shi ne kawai don in wuce. Sigmund Freud kuwa, likitan nan na Austriya mai nazarin mafarki da abin da ke ɓoye a zuciya, wanda kowa a waje ya san sunansa, a cikin sashen ya fi zama tarihi. Ana karanta shi, ana jarrabawa a kansa, amma yawancin maganganunsa ba su da amsa idan aka yi musu tambayar dattijon nan.

Reshen tunani da ƙwaƙwalwar ajiya ya fi zama mini kusa da gida. Hermann Ebbinghaus, shi ma Bajamushe, ya zauna yana haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, yana auna nawa ya manta bayan sa'a guda, bayan kwana guda, bayan wata guda. A 1885 ya fitar da sakamakon: mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga nan sai ta lafa, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi yin ta a zama ɗaya. Ina zaune a ajin sai makarantar allon unguwarmu ta faɗo mini. Malam ba ya bari ka wanke allo sai ka biya, kuma ko ka yi nisa sai ya mayar da kai tilawar baya. Alarammomin Katsina sun daɗe a kan wannan hanya. Abin da Bajamushen ya ƙara shi ne ya sa wa abin lamba, yadda wani zai iya sake gwadawa ya gaskata ko ya ƙaryata.

Sai reshen zamantakewa, wanda ya fi kowanne cika aji. A farkon shekarun 1950 Solomon Asch ya riƙa zaunar da mutum cikin rukuni, a nuna musu layuka a takarda a ce wanne ne ya yi daidai da wancan a tsawo. Amsar a fili take, amma sauran 'yan rukunin an haɗa baki da su su faɗi ta ƙarya. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi jama'a aƙalla sau ɗaya, idonsu na ganin gaskiya. Duk macen da ta taɓa cin bashi don ankon bikin da ba ta so ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Na Stanley Milgram ya fi tayar da hankali. A gwajin da ya fara a 1961 a Jami'ar Yale, an umarci mutane su riƙa jona wa wani lantarki duk lokacin da ya yi kuskure. Lantarkin na bogi ne, mai ihun ma ɗan wasa ne, amma su ba su sani ba. Mutum 26 cikin 40 sun kai har maɓallin ƙarshe, don kawai wani mai rigar ɗakin gwaji ya ce su ci gaba. Irin wannan gwaji yana daga cikin dalilan da suka sa yanzu ba ka taɓa ɗan Adam da bincike sai kwamitin ɗa'a ya yarda.

Da wannan kaya a kaina na dawo Katsina hutun ƙarshen aji biyu, kuma reshen girman yara ne na fi ɗokin gwadawa, tunda gidanmu na Ƙofar Sauri ba ya rasa yara. Jean Piaget, mutumin Suwizalan, ya ce yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai bai gama gane cewa yawan abu ba ya canjawa don an canja masa mazubi ba. Wata la'asar na samu tambulan biyu iri ɗaya na cika su da zoɓo daidai wa daida, na kira ɗiyar Yayana, 'yar shekara biyar, da wanta ɗan shekara takwas. Na ce ta duba, ta durƙusa ta daidaita idonta da bakin zoɓon, ta ce ɗaya suke. A gabanta na juye guda cikin wata siririyar kwalba doguwa. Zoɓon ya hau sama. Na ce, "To yanzu wanne ya fi yawa?" Ko numfashi ba ta ja ba ta nuna kwalbar, har da rungume ta kada a ƙwace. Wan nata ya fashe da dariya ya ce, "Ke, ba a gabanki aka juye ba? Shi ne dai." Na mayar da shi cikin tambulan, ta ce yanzu sun koma ɗaya. Na sake juyewa, ta sake zaɓar kwalba.

Inna tana gefe tana tsince shinkafa, duk tana kallonmu. Ta ce, "Wai wannan shi ne karatun da aka kai ki Jos? To ni mi ya sa in ina rabon nama nake yanka na ƙaramin gida biyu?" Gidan ya ɗauki dariya. Gaskiyarta, abu ɗaya ne da abin da Piaget ya rubuta.

Amma washegari na ga abin da ya sa na fara taka-tsantsan da littafin. Akwai wata yarinya mai kawo mana tallan ƙuli-ƙuli, ba za ta wuce shekara shida ba. Na jera ƙuli-ƙulin layi biyu, bakwai bakwai, sannan na baza layi ɗaya ya yi tsawo, na tambaye ta wanne ya fi yawa. Ta dube ni kamar na raina mata hankali ta ce, "Anti, duk na hamsin hamsin ne." Yarinyar da ke ƙirga kaya da canji kullum ba a ruɗa ta da tsawon layi. Daga baya a aji uku muka karanta cewa masu bincike a ƙasashe daban-daban sun ga haka: shekarun da Piaget ya yanka suna matsawa gaba ko baya gwargwadon abin da yaro ya saba yi.

Wannan ya buɗe mini ido a kan wani darasin, na shaƙuwar jariri da mai renonsa, wanda John Bowlby na Ingila ya assasa, Mary Ainsworth kuma ta faɗaɗa bayan ta zauna da iyaye mata a Yuganda a tsakiyar shekarun 1950. Misalan littattafanmu duk na gida ne mai uba da uwa da 'ya'ya biyu. Mu kuwa Yayanmu babba ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, kuma ana yaye shi Kaka ta ɗauke shi riƙo. Wanda ya karanta darasin sama-sama zai ce an cuci yaron. Alhali a duk gidan babu mai natsuwarsa. Abin da darasin yake nufi a zahiri shi ne yaro ya samu wani tsayayye da zai ruga wurinsa idan ya tsorata, kuma Kaka ta zame masa haka. Ra'ayina har yau shi ne ɗalibin saikoloji a ƙasar Hausa yana da aiki biyu: ya san abin da aka gano a can, ya kuma zo ya gwada shi a kan kunya da kara da riƙo da zaman kishiyoyi, abubuwan da ba su cikin littafin.

Reshen da ban yi zancensa ba tukuna shi ne na lalurar ƙwaƙwalwa, kuma shi ne ya zo ya same ni har gida kafin hutun ya ƙare. Wata maƙwabciyarmu dattijuwa ta shigo bayan magariba, ta gaisa da Inna, ta ja ni gefe. Surukarta ta haihu, an yi suna lafiya, amma tun daga nan ba ta barci, tana surutai, tana cewa jaririn ba nata ba ne, an musanya mata. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, abin sai gaba yake. Ta ce, "Ɗiyata, an ce ke kika karanci irin wannan. Ki zo ki duba mana ita, ko akwai maganin da za ki rubuta."

Na ce, "Iya, ni ɗaliba ce, ko na gama ma ba ni da ikon rubuta magani." Na yi mata bayanin abin da mutane da yawa ba su bambance ba. Mai rubuta magani likita ne da ya gama karatun likitanci ya ƙware a kan ƙwaƙwalwa. Mai digirin farko na saikoloji bai isa ya duba marar lafiya ba, sai ya ƙara digiri na biyu a fannin asibiti ya kuma yi horo a ƙarƙashin ƙwararru. Amma abin da ta kwatanta na san shi a takarda. Ciwo ne da kan kama mace ɗaya ko biyu cikin dubu bayan haihuwa, yawanci a makonni biyun farko, yana da haɗari ga uwa da jariri, kuma ana warkewa idan an kai asibiti da wuri.

Da ta ji kalmar asibiti sai fuskarta ta canja. Tsoronta kada a ce gidansu akwai mahaukaciya, ga 'yan mata ba su yi aure ba, ga kuma mai jego ba ta yi arba'in ba balle a fita da ita. Sai na ba ta labarin Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda tun 1954 a Aro ta Abekuta ya riƙa ajiye marasa lafiya a gidajen ƙauye tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. Na ce ba wanda zai hana a ci gaba da addu'a da tofi, a haɗa da likita ne kawai, kuma daga daren nan kada a bar ta ita kaɗai da jaririn. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ta ji, amma maganar tana hannun maigidan, kuma shi ba ya karɓar shawarar yarinya. Inna ta ajiye carbinta ta ce a bar mata wannan, za ta sa Baba ya same shi a masallaci da asuba.

Yadda ta kaya tsakanin Baba da maigidan nan, da abin da muka tarar da muka shiga ɗakin mai jegon, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.