Godiya bayan sallamar Hajiya

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar aka sallamo Hajiya daga asibiti bayan kwana 19. Tana can tana barci, ni kuwa ido ya ƙi rufuwa, sai na ce bari in sauke wannan nauyi kafin gajiya ta kayar da ni.

Kun san yadda aka yi ta fama, ba sai na maimaita ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne safiyar da hoto ya nuna haƙarƙarinta ya tsage, alhali ba faɗuwa ta yi ba, tari ne kawai. Na jingina da bango ƙafafuna na rawa. Huhun da hayaƙin murhu na shekara 40 ya cinye bai isa ba, yanzu kuma ƙashi?

Sai wata likita, sa'ar autarmu, ta durƙusa a bakin gadon ta ce, "Mama, yaushe rabonki da zama a rana?" Hajiya ta yi murmushi. Mu kuwa tsit. Tun da numfashi ya soma yi mata wuya muka killace ta a ɗaki, muka toshe taga saboda ƙurar hunturu, a zatonmu gata muke yi mata.

Gwajin jini ya nuna bitamin D ɗinta ya yi ƙasa ƙwarai. Likitar ta ce fata ce ke samar da shi idan rana ta taɓa ta, kuma shi ke taimaka wa jiki ɗaukar kalsiyam da ke riƙe ƙashi. Ga kuma maganin prednisolone da muke sayo mata a kemis duk sanda ƙirji ya toshe, ashe in an daɗe a kansa ƙashi yake ci. Ta faɗi wannan ba tare da ta kalle mu da laifi ba, ni ce na fita baranda na yi kukana. Likita, Allah ya jiƙan magabatanki, ya ba ki zuriya mai jin ƙanki.

Matar Yaya ta hana in ambace ta, amma sai na faɗa: dare 19 a kan tabarma, da goyo. Maƙwabcinmu mai keke da muka tasa ƙarfe biyun dare ya ƙi karɓar ko sisi. 'Yan islamiyyar Hajiya da suka yi ta saukar Alƙur'ani. Allah ya biya ku da gidan Aljanna, ya suturta ku duniya da lahira, kada ya nuna muku irin wannan dare.

Dangin da muke gari ɗaya amma sai a WhatsApp muka ga "Allah ya sawwaƙe", mun gani, mun gode.

Masu zuwa dubiya, ku zo da hantsi, za ku same ta a tsakar gida tana shan rana kamar yadda aka ce. Don Allah kada a kawo mata turaren wuta.