Makbet da ƙishirwar mulki

Daren jiya na gama karanta wasan kwaikwayon Makbet na Shakespeare, har yanzu abin yana cin raina. Makbet jarumi ne fa, Sarki Dankan ya ƙara masa sarauta saboda bajintarsa a fagen daga. Mayu uku suka ce zai zama sarkin Sikotlan, matarsa ta hura wutar, sai ya soke sarki yana barci, baƙonsa kuma, a cikin gidansa! Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya sa aka kashe amininsa Banko, sannan matar wani basarake mai suna Makdaf da 'ya'yanta. Masu ɗora laifin kan mayu, ni ban yarda ba, babu wadda ta miƙa masa wuƙa. Makdaf ɗin ne ya fille kan Makbet daga bisani.